Bangon Zakariya Tela

Zakariya tela bai taɓa sayen littafin rubuta awo ba. Bangon shagonsa na ƙasa, a bakin kasuwar Sassumbrum, shi ne littafinsa. In ya auna mutum, sai ya ɗauki alli ya rubuta a bango: suna, kafaɗa, hannu, tsawo, da launin yadin da aka kawo. Haka ya ga ubangidansa yana yi, haka shi ma ya yi har ya fara furfura.

Matarsa Ƙande ta sha yi masa magana. "Malam, littafin 'yan makarantar lekol nawa yake?"

"Gara na cin takarda," in ji shi. "Kin taɓa jin an sace bango?"

Shekarar da Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar damina, wata rana aka wuni ana ruwa. Da la'asar bangon ya fara tsagewa. Maƙwabta suka kawo amalanke, aka fidda keken ɗinki, aka kwashe yadudduka kaf, ko ƙyalle bai jiƙe ba. Ana yi masa barka, bangon ya zauna cikin ruwa.

Da gari ya waye ya shiga taɓo har gwiwa, yana juya ɓaraguzai da hannu. Ya samu guntu ɗaya mai ɗauke da rabin suna, ya shafa, allin ya bi yatsansa.

Mutanen gari ba su dame shi ba, sai su dawo a sake auna su. Abin da ya hana shi cin tuwo shi ne ƙullin Sambo, makiyayin da ke kawo masa ɗinkin gidansa duka, sauran rugage kuma su biyo bayansa. Sambo ya kawo iyalinsa an auna, ya ajiye shadda da atamfa, ya kora shanu arewa nesa da gonaki, sai jajibiri zai dawo. In ya tarar da yadi ba riga, Zakariya ya rasa rugage, su ne rabin aikinsa.

"Ka yanka da ido mana," in ji Ƙande. "Ba ka san su ba?"

"Na san fuskarsu. Fuska ake sa wa wando?"

Ya buga wa Sambo waya, ba ta shiga. Sai ya rataya igiyar awo a wuya, ya hau kabu-kabu har inda laka ta tsayar da babur, ya ci gaba da ƙafa yana tambayar rugage. Takalminsa ya tsinke, ya riƙe shi a hannu.

Ya samu su Sambo bakin wani tafki. Sambo ya dube shi sama da ƙasa.

"Tela, bin mu kake har daji? Ko shanun ma za a yi wa riga?"

"Tsaya daidai, Baffa. Ɗaga hannu."

Kafin ya dawo, mutanen gari da yawa sun gaji da jira, sun kwashe yadinsu sun kai wani shago. Na Sambo kuwa ya gama su ranar jajibiri, ƙafafunsa a kumbure.

Yanzu a rumfar kara yake ɗinki. Yana rubuta awo a littafi, ya sake rubutawa a wani da ke ajiye gidan surukinsa, can kan tudu.  Ƙande ce ta sayo littattafan.