Ambulan da ya fara shiga hannun Inna

Mu shida ne 'yan arewa a ajinmu a jami'ar Yawunde, zamanin Shugaba Ahidjo na Kamaru. A shekara ta biyu zazzaɓi ya kama abokin ɗakina, ɗan garin Ngong, mutum mai tsokana, wanda ya raɗa mini "Malam Shiru". Kwana huɗu muna ba shi jiƙo, don babu mai kuɗin magani a cikinmu. A rana ta biyar ya cika. Can muka binne shi, mahaifinsa bai taɓa ganin kabarin ba.

A bakin maƙabartar muka yi alkawari: duk wanda ya gama ya kama aiki, albashinsa na farko na jami'a ne, a sayi gado da kinin, maganin zazzaɓi, a sa a ɗakin jinyar ɗalibai. Alkawari ba wuya ga mai aljihu wayam.

Da na gama aka turo ni Garwa koyarwa. To, a gidanmu albashin farko na uwa ne, kowa ya san haka. Inna ta yi shekaru tana tuyar ƙosai saboda karatuna, ga rufin ɗakinta yana yoyo, ga damina ta kawo kai. Ban yi dogon tunani ba, na zaɓi cin amanar mamaci. Har yau ina jin kunyar wannan.

Na durƙusa na miƙa mata ambulan ɗin albashin. Ta dube ni ta ce, "Kai, wannan fuska ba ta mai kawo alheri ba ce. Me ke ciki?"

Na gaya mata komai, har da jiƙon.

Ta riƙe ambulan hannu biyu, ta yi addu'a ta tofa, ba ta buɗe ba. "Na karɓa, Allah ya yi albarka. Yanzu ya zama nawa, ko?"

"Naki ne, Inna."

"To, na aike ka da shi Yawunde."

Na kawo zancen rufi. Ta ce, "Da kai aka binne can, wa zai yi mini zancen rufi?"

Daga ni abin ya zama al'ada. 'Yan bayanmu, na Marwa da na Meiganga, sai uwa ta taɓa ambulan ɗin albashin farko kafin a aika jami'a. Yawancinsu ba su san mafarin ba.

Daminar nan kwano uku Inna ta jera a ɗakinta suna tarar ruwa. Ni nake zubarwa kafin in tafi makaranta.