Saƙon da Na Aika wa Kawu a Tsakiyar Teku

Shekarar da na gama digirina na biyu, a ɗakin ƙasa na gidan kawuna nake zaune a garin Bowie da ke Amurka, ina jiran a kira ni aiki. Kawu ƙanen mahaifiyata ne, injiniya ne da ya yi ritaya. 'Ya'yansa suka haɗu suka yanka masa tikitin jirgin ruwa na yawon shaƙatawa, shi da matarsa da muke kira Anti, kwana bakwai daga Baltimore zuwa tsibiran Bahamas a dawo. Da yake ni ne mai zaman banza a gidan, aka ce in bincika musu yadda ake irin wannan tafiya.

Na bincika, ƙila ma fiye da kima. Shafi uku na rubuta. Na ce su sa maganin hawan jini da fasfo a jakar hannu, don manyan akwatuna sai can da yamma ake kai su ɗaki. Na ce su sanar da masu dafa abinci tun ranar farko abin da ba sa ci, in sun yi shakka su tsaya a kan kifi. Na sa musu citta saboda jiri. Na ce alƙibla za ta riƙa juyawa, su duba kafin kowace salla. Idan an sauka a tsibiri kuma, agogon jirgi za su bi, don jirgin ba ya jiran kowa.

Anti tana karantawa tana dariya. Ta ce, “Malam mai digiri, ko aikin Hajji ba a yi mana wannan bita ba.”

Shawarar ƙarshe ita ce su rufe layin wayoyinsu da zarar jirgi ya tashi, saboda kira a teku yana da tsada ƙwarai. A nan Kawu ya ɗago kai.

Yana da wani amini a Springfield, wani gari da ba shi da nisa da mu, tsohon ma'aikacin gidan rediyo, wanda kowa ke kira Malam. Ciwon ƙoda ya daɗe yana damunsa, yau asibiti gobe gida. Duk wanda ya san su ya san alkawarin da ke tsakaninsu: wanda ya riga rasuwa, ɗayan ne zai yi masa wanka da hannunsa. Sukan faɗa da wasa a wurin cin abinci, kowa yana cewa shi zai riga, ya bar wa ɗan'uwansa aiki. Amma ba wasa ba ne.

Kawu ya ce, “To idan wani abu ya taso fa?”

Na ce, “Ina jin ba komai, Kawu. Ai kamfanin jirgin yana da lambar gaggawa, zan iya nemo ku ta nan.”

Ya ce, “Kana ji, ko ka tabbata?”

Na ce na tabbata. Wannan kam gaskiya na faɗa, lambar tana nan kuma tana aiki.

Kwana uku da tafiyarsu, da hantsi, babban ɗan Malam ya kira ni. Na gaishe shi da Hausa, ya amsa da Turanci kamar yadda ya saba, sannan ya ce babansa ya rasu bayan sallar asuba. Ya ce mahaifiyarsa ta roƙi liman a jinkirta jana'iza zuwa azahar ɗin washegari, ko Kawu zai samu ya iso. Na duba takardar tafiyar. A ranar jirgin yana tsaye a wani tsibiri mai filin jirgin sama, sai ƙarfe biyar zai tashi. Lokaci yana nan, ko da yake ba mai yawa ba ne.

Na kira lambar. Wata mata ta ɗauka, ta tambayi sunan jirgi da lambar ɗaki, na ba ta. Ta ce in faɗi saƙon, za a rubuta a kai musu.

A nan na tsaya. Tun ina ƙarami na ga yadda ake kai wa babba labarin rasuwa. Ba a jefa masa shi haka. Akan ce jiki ya yi tsanani, ya zo gida, sai ya zauna a cikin mutane sannan a faɗa masa. Ga Kawu da hawan jini. Na hango shi tsaye a bakin ƙofa da takarda a hannu, ba kowa kusa sai Anti. Sai na ce wa matar ta rubuta cewa amininsa na Springfield ba shi da lafiya sosai, ya kira gida idan ya samu dama.

Ta ce, “Gaggawa ce?”

Na ce, “E to, kusan haka.”

Har yau ban san abin da ta rubuta a gefen takardar ba, kuma ba na ganin laifinta. Abin da na faɗa shi ta kai.

Sun dawo daga kasuwar tsibirin wajen ƙarfe biyu suka tarar da takardar a ɗaki. Daga baya Anti ta ba ni labari. Ta ce Kawu ya karanta sau biyu, ya ce, “Da mutuwa ce, da yaron nan bai ce idan na samu dama ba.” A watan kawai sau biyu aka kwantar da Malam yana tashi. Suka yi salla, suka ci abinci, suka ɗan kishingiɗa. Ni kuwa ina zaune a kan matakala da waya a hannu. Sau uku na danna lambar don in gyara saƙon, sau uku ina kashewa, ina cewa bari in ba shi minti goma, ƙila yanzu yake karantawa.

Ƙarfe shida da 'yan mintuna ya kira daga wayar ɗakinsu. Ina jin ƙugin inji a bayansa.

Ya ce, “Yaya jikin nasa?”

Na ce, “Kawu, sai haƙuri.”

Ya yi salati a hankali. Ya tambayi yaushe, na faɗa masa. Sai ya ce, “Tun da safe ke nan.” Tsayawar jirgin ta gaba sai bayan kwana biyu.

Liman da wasu dattawa biyu ne suka yi wankan. Na je jana'izar na tsaya a sahun baya. Mutane suna ta tambayata ina Kawu, ina cewa yana kan hanya.

Ranar da suka dawo na ɗauko su a Baltimore. Ba mu biya ta gida ba, Kawu ya ce in wuce Springfield kai tsaye. Hanya ta cushe, muna tafiya kaɗan-kaɗan. Na ce, “Kawu, ka yafe mini. Na ji tsoron hawan jininka ne.”

Ya ce, “Na sani. Haka aka koya maka, ni ma haka aka koya mini.” Ya juya yana kallon motocin da ke gefe. Can ya ce, “Amma wancan ana yi wa wanda ba abin da zai iya yi ne. Ni ina da aiki a gabana.”

Idan wani ya nemi shawarata yanzu a kan irin wannan tafiya, nakan ba shi shafukan nan uku, ban ga abin cirewa ba. Sai dai nakan ƙara cewa kafin ya shiga jirgi ya zaunar da wanda zai bari a gida, ya gaya masa ƙarara irin labarin da yake so a faɗa masa ba tare da rufa-rufa ba. Ina jin wannan zai taimaka, ko da yake ba ni da tabbacin cewa da an gaya mini haka da bakina ya iya furtawa.

Da muka isa gidan Malam, Kawu ya hana ni shiga da shi. Ya ce in jira a mota, zai ba matar amininsa haƙuri shi kaɗai.