Cibiyar Zarah a Bakin Thames

Inna Sakinatu mutuniyar Nguru ce, a fadama ta girma, kuma har yau gani take babu wanda ya kai ta sanin halin ruwa. Ɗanta Lawal ya kawo ta unguwar Abbey Wood, can ƙasar Turawa, renon jikarta Zarah, wai na ɗan lokaci. Ga ta nan har yanzu, tana mitar sanyi.

Da cibiyar jaririyar ta faɗi, Inna ta rasa inda za ta binne ta, don can saman bene suke zaune.

"Inna, a jefa a bin kawai," in ji Lawal.

"Kai ma taka a shara na jefa?"

Ta ƙulle abarta a ƙyalle, ta taka har bakin kogin Thames, wajen wata 'yar fadama mai ciyawar ruwan gishiri da tsuntsaye. Ta duba iyakar da ruwa ke kaiwa, ta matsa sama kamar yadda ake yi a gida, ta tona, ta binne, ta ɗora dutse. So take yarinyar ta samu ƙasar da za ta kira tata.

Bayan 'yan shekaru, da ruwa ya fara lasar dutsen, Inna ba ta damu ba. A Nguru ruwa ya cika ya cika, rani na zuwa zai mayar da ƙasar mutane. Sai Lawal ya yi mata bayani: teku ce ke tasowa tana turo kogin, ciyawar kuma katangar siminti ce a bayanta, ba ta da wajen gudu. Wannan ruwan ba ya da rani.

Ranar Asabar ta ja hannun Zarah, wadda yanzu ta shiga firamare, Hausa a kunne, amsa da Turanci. Inna ta tafi da ludayin ƙarfe don ta tono cibiyar ta mayar da ita can saman gaɓa. Suka tarar gaɓar ta zabtare, babu dutse, babu ciyawa, sai laka.

Inna ta durƙusa tana tono har hannunta ya sandare. Baƙin ciki ya kama ta, ta fashe da kuka.

"Na ajiye ki a nan, 'yar nan. Ruwa ya tafi da ke."

Zarah ta shigo cikin lakar da sabon takalminta, ta kama gefen mayafin kakarta. Ta daɗe tana laluben kalmomin, sannan ta ce da Hausarta mai tuntuɓe:

"Inna, ga ni nan."