Ƙyaranar da Inna Ta Shayar

Maigidana gadina ne, mai kula da lambu, a gidan wani Bature a Samaru, mu kuma muna haya a Muciya, cikin Sabon Gari. Shekarar da Baturen zai tafi hutu ƙasarsu, matarsa ta damƙa wa maigida wata 'yar tukunya, ta ce ya tafi da ita gida ya kula. Abin da ke ciki shuka ce mai ƙaya, dangin ƙyarana, amma ɗan dunƙule, farin gashi ya rufe shi kamar kan tsoho. Wai daga bayan teku aka kawo mata, babu irinsa a duk Zariya. Ta ce in ya mutu, to, aikinsa ma ya mutu.

Dokarsa ɗaya ce: yana son rana, ba ya son ruwa. Ga shi damina ta kankama. Maigida ya hau keke ya nufi Samaru da sassafe, wahala ta dawo kaina. Rana ta fito in fitar da shi, hadari ya haɗo in bar tuwo a wuta in ruga in shigar. Ga goyo, ga ciki, ga ƙananan ƙayoyi da nake wuni ina cirewa a yatsa da allura. Na raini 'ya'ya, amma babu wanda ya gajiyar da ni kamar wannan abin da ko kuka ba ya yi.

Ana haka surukata ta zo daga ƙauye. Ita tana kan addinin iyayenta, kuma tun da ɗanta ya yi baftisma abin yake ci mata rai. A gidansu akwai ƙyarana a gindin rumbu, ana zuba mata giya don kakanni. Ta ga ɗanta in ya dawo yana tsugunawa gaban tukunyar kafin ya gai da kowa, ta ga ina hana yara taɓawa. Ɗan fari ne, ba ta doguwar magana da shi, ni kuma suruka. Ba ta tambaya ba, mu ma ba mu yi tunanin faɗa mata ba.

Sai gindin abin ya fara baƙi. Wata safiya na fito na same ta durƙushe da 'yar ƙwarya, tana tsiyaya masa burkutu, tana kiran marigayi mijinta.

Na ce, "Inna, me kuke zuba masa?"

Ta ce, "Yi shiru, 'yar nan. Na san don fasto kuke ɓoyewa. Amma ba a barin su da ƙishirwa."

Da maigida ya dawo na gaya masa. Ya danna abin, yatsansa ya nutse, wari ya taso. Raina ya ɓaci, duk gudun da na sha ya tashi a banza. Na ce ya je ya faɗa wa Inna abin da ta jawo. Ya daɗe a tsugune, sannan ya ce, "Ki bar ta. Rabon da in ga haƙoranta a waje tun rasuwar Baba."

Inna ta koma ƙauye da farin ciki. Baturiya ta dawo, ta leƙa tukunya, aka sallami maigida. Ya koma dako a tashar jirgi, har bayansa ya lanƙwashe, ni kuma na kama tuyar ƙosai.

Duk wanda zai shigo Sabon Gari daga ƙauyen, sai Inna ta ba shi saƙo ya tambaya ko ana shayar da abin nan. Har ta rasu amsar maigida ba ta sake ba: "Ku ce mata yana sha."