Burtalin da Kakana Ya Buɗe

Wata Laraba ce, a ƙarshen damunar da nake aji huɗu a firamaren Kucheri, motoci biyu suka iso daga Gusau suka tsaya gindin tsamiyar bakin gari. Tasowarmu ke nan daga makaranta, muka kutsa tsakanin manya don mu ga abin da ake yi. An kafa teburi, manoma sun zauna gabas, makiyaya yamma, ba mai kallon wani. Mako biyu kafin nan shanu sun shiga gonakin gero, aka yi faɗa da sanduna da adduna, rumbuna suka ƙone, bukkokin rugar Arɗo Buba ma suka ƙone. Baƙin suka karanta takarda da Turanci, aka fassara sama-sama, aka dangwala yatsu, aka ɗauki hoto. Kafin la'asar sun tafi, sun bar mana masu tsaro biyu da keke ɗaya.

Ni damuwata Dije ce, ɗiyar Arɗo. Kullum da hantsi takan biyo mahaifiyarta da ƙwaryar nono, Inna ta dama fura, mu kuma mu zauna bayan rumbu muna carafke, ko mu tafi itace mu dawo da ɗinya cike da bakin zane. Tun ranar faɗan Inna ta hana ni ko kallon hanyar ruga.

Duk wanda ya je taron nan ya tafa, ban da kakana, wanda gari ke kira Baba Soja. Yana saurayi aka tura su ƙasar Kwango aikin tsare zaman lafiya. Da yammar nan muna ɓarar gyaɗa a tsakar gida ya ba mu labarin. An ajiye su tsakanin mutanen da ba sa jin yarensu, umarni kuma daga wani ofis mai nisa yake zuwa, an ce kada su ɗaga bindiga sai an harbe su. Akwai garin da mata suka riƙe musu riga suna roƙon su zauna, amma aka ce su janye. Daga bayan babbar mota ya waiwaya ya ga hayaƙi. "Manya sun sa hannu a birni," ya ce, "ba su tambayi masu gari abin da ya haɗa su ba." Takardar yau ma, in ji shi, ba ta ambaci burtali ba, hanyar shanun da gonaki suka cinye kaɗan-kaɗan, har da tamu.

Ba a yi kwana goma ba rigima ta tashi a bakin tafki. Masu tsaron suka ce wannan ba ya cikin takarda, washegari suka ɗaure kayansu suka tafi. Samari suka fara wasa adduna a ɓoye. Da rana tsaka Baba Soja ya ɗauki sandarsa ya nufi ruga shi kaɗai. Mahaifina ya bi shi har zaure yana roƙonsa, bai ko juyo ba. Inna ta kasa tuƙa tuwo, ta zauna kan turmi tana salati, har bayan la'asar muka hango shi tafe, Arɗo na gefensa.

Da safe tsofaffin biyu suka bi tsohon burtali da ƙafa, daga fadama zuwa tafki, dattawa na biye, mu yara muna can baya. Da aka zo gonarmu, dawa ta yi kai, saura kaɗan a yanka. Kakana ya karɓi adda. "Daga tawa za a fara," ya ce, ya sare dawar kunya goma. Mahaifina ya sunkuyar da kai, sannan ya karɓi addar ya ƙarasa. Sauran suka bi, wasu da gunaguni, akwai ma wanda sai bayan wata guda ya yarda. Arɗo ya ɗauki alkawarin duk saniyar da ta ƙetare iyaka shi za a tambaya. Aka dasa cini-da-zugu gefe da gefe, yaran gari da na ruga muka riƙa yi masa ban ruwa, a nan na sake haɗuwa da Dije, tulu bisa kanta, tana dariya.

Shekarar nan rumbunmu bai kai mu damuna ba, mun sha kwana da kunu. Amma a makaranta idan aka ce "jikar Baba Soja", sai in ji kamar na ƙara tsawo.

Yanzu ina koyarwa a Bungudu. Nakan ji a rediyo an yi zaman sulhu, kafin wata ya mutu in ji an warware. Hanyar Tsafe da ke kai ni gida sai da rana nake bin ta, bakina ɗauke da addu'a. Su Dije sun tashi tuntuni, ban san inda suka nufa ba, ban san ko tana tuna ni ba. Sulhun da ya riƙe garinmu tsawon ƙuruciyata kakana ne ya saye shi da dawarsa, kuma har ya rasu bai yi wa kowa gori ba.