Sabis ɗin Nguru

Yayata a da bakinta ba ya jiran kowa. In ta fara magana a tsakar gidanmu na Gashua, sai dai ka nemi wurin zama. Bayan aure ya kai ta Nguru ciwon ya same ta, wanda likita ya ce yana cin rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka. Sunansa na Turanci dogo ne, mu dai "em-es" muka riƙe. Ni aka turo jinya.

Hankalinta garau, kalmomin ma suna nan. Tafiyarsu ce ta lalace. Sai ta yanka kalma gaɓa-gaɓa, kowace da nauyi ɗaya, ta tsaya a inda ba a tsayawa. Gaisuwarmu kuwa kamar lugude take, ka saka in saka. 'Yan dubiya su ce ina kwana, kafin ta haɗa "lafiya" sun kai ga ya jiki, sun amsa wa kansu "da sauƙi", sun nemi takalma. Da farko abin yana ba ni haushi. Daga baya na daina jin komai, ina dai shimfiɗa tabarma ina naɗewa.

Abu ɗaya take so: Inna ta zo. Ta hana ni faɗa, wai da bakinta za ta roƙa. Ita ce 'yar fari, Inna ko sunanta ba ta kamawa, balle doguwar hira, kuma kullum "da sauƙi" ake kai mata.

Wata Juma'a da hantsi na kira Inna, na kara wa Yaya wayar a kunne, don hannunta rawa yake. Ina jiyo muryar Inna.

"Kun tashi lafiya? Ya yaran? Ya jikin?"

"In... na," in ji Yaya. Ta tsaya ɗauko sauran.

"Alo? Ke, kina ji na? Wannan sabis ɗin na Nguru sai a hankali. To, Allah ya ƙara sauƙi, a gai da maigidan."

Na ji ƙit, Inna ta kashe wayar. Yaya ba ta ji ba, duk ƙarfinta yana kan harshenta.

"Ki... zo. Ina... son... ga... nin... ki."

Ban sauke hannuna ba. Ta yi shiru tana sauraro, yadda take so a yi mata, ta ba Inna lokacin amsawa.