Mai Awo, Wadda Ta Wanke Mahaifiyarta

Haihuwa

An haifi marigayiya Farfesa, wadda ɗalibanta suka laƙaba wa Mai Awo, a shekarar 1956, a wani ƙaramin gari da jirgin ƙasa ke ratsawa. Mahaifinta tela ne, mahaifiyarta kuma, wadda suke kira Inna, mai buga tafireta ce a ofis. A shekarar 1968 yatsun Inna suka soma ƙin bin umarninta, ƙafa ta riƙa ja, ido ya dushe. Ciwon ya lafa wata guda, ya sake dawowa. Da yake yana zuwa yana tafiya, dangin miji suka yanke hukunci cewa son jiki ne kawai. Da wannan sunan ta rasu, kuma 'yarta ba ta taɓa yafe kalmar ba.

Karatu da aiki

Ta kammala karatun likita a 1981, inda ta gane cewa abin da ya ɗauki Inna shi ne ciwon da ke cinye rigar jijiyoyin ƙwaƙwalwa da laka, wanda likitoci ke kira MS. Ta shafe rayuwarta a wani ɗakin bincike mai sanyi a ƙasan bene, tana auna yawan sinadarin furotin a ƙwaƙwalwar mamatan da iyalansu suka amince, tana gwada shi da ƙwayoyin halittar da suka gada. Iyalai da yawa sun ƙi, wasu ma da zagi suka sallame ta, amma kunya ba ta hana ta ƙwanƙwasa ƙofa ta gaba ba.

Aure

A 1984 ta auri wani mai harhaɗa magunguna, mutum mai barkwanci, wanda yakan ce ko gishirin miya sai an auna a gidansa.

Ƙarshen aiki

A 2019 ita da abokan aikinta suka wallafa cewa wasu ƙwayoyin gado da ke sauya yawan furotin a ƙwaƙwalwa suna tafiya tare da ƙarin haɗarin ciwon, ko da yake ba kowane mai ɗauke da su ke kamuwa ba. Ta kai takardar gidan gwaggonta, wadda ita kaɗai ta rage cikin masu waccan magana ta son jiki, ta fassara mata layi-layi. Tsohuwar ta yi kuka, ta nema wa Inna gafara.

Rasuwa

Ta rasu a 2023, tana da shekara sittin da bakwai. Ta bar wasiyyar a kai ƙwaƙwalwarta ɗakin binciken, abin da ya yi wa 'ya'yanta nauyi ƙwarai, har babban ɗan ya ƙi sa hannu. Sai autar ta tuna masa abin da mahaifiyarsu ta faɗa musu a gadon asibiti: "Ba wanda ya duba Inna. Abin da ya saura nata yana cikin kaina, kada ku binne shi duka." Ya sa hannu, aka yi jana'izarta washegari, aka binne ta kusa da mahaifiyarta.

Ta bar 'ya'ya uku: injiniya, malamar makaranta, da autar, wadda a yau ita ke riƙe da mabuɗin ɗakin nan mai sanyi.